A Mayar wa Khala Sa'adiyya da Tasarta

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ɗakin Jinyar Mahajjata,
Bakin tashar jirgin ruwa, Jidda.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali, ina neman afuwa da na biyo ta jarida. Sau biyu na rubuto maka cikin Shawwal, kuma na tabbata wasiƙun suna nan lafiya a ƙarƙashin butar shayinka.

Ni ce mai haɗa magani a sashen mata, shekara uku ke nan. Kukana a kan Khala Sa'adiyya ne, wadda ka hana shiga sashenmu, ka tura ta ɗakin wanki. Jirgin farko zai iso cikin Zulƙida, ga shi ba ta bakin ƙofa. Haifaffiyar Jidda ce, kakanta da ƙafa ya zo daga ƙasar Hausa. Doguwa ce, kakkaura, baƙa, mai babbar murya, da 'yan gasu a haɓa waɗanda ba ta taɓa samun lokacin tsigewa ba. Dalilai uku ka kawo a taron ma'aikata, ina zaune.

1. Ka ce ba ta da takardar makaranta, a iƙamarta, wato takardar izinin zamanta a ƙasar nan, 'yar aikatau aka rubuta, kuma ba ka taɓa ganinta da komai ba sai tasa da ruwan ɗumi tana wanke ƙafafun mutane. Ranka ya daɗe, gaskiya ka gani. Sai dai ka san matanmu. Tsohuwar da ta sayar da shanunta ta zo, ba za ta gaya wa likita tana ciwo ba, don tsoron a tsare ta a gado har a sauko daga Arfa. Mai cikin fari kuwa gara ta faɗi da ta ambaci cikin a gaban namiji. Amma babu matafiyiyar da ke ƙin a wanke mata ƙafa. Khala takan durƙusa, tana tambayar labarin damina da jikoki, da Hausa ko Fillanci ko Barbarci, yatsanta na danna idon sawu. Kafin ruwa ya huce ta san mai kumburi, da mai gyambon da aka ɓoye cikin safa, da mai zazzaɓi. Sai ta ɗaga mini ido kawai, ni kuma in kira likita. Shekara huɗu na yi a jami'a, ba a koya mini wannan ba. Bara ina ɗauke da ciki, ta dubi yadda takalmi ya matse ni, ta ƙwace cokalin awo daga hannuna, ta tasa ni gaba har gun likita. Jinina ne ya hau. 'Yata tana rarrafe yanzu.

2. Ka ce mata-maza ce, ba a san inda za a sa ta ba, mata za su tsorata da ita. Har wani ya yi dariya, don shugaba ne ya faɗa. Ban taɓa ganin hajiyar da ta tsorata ba. Na dai ga Khala ta goyo wata tsohuwa tun daga matakalar jirgi har gado, da tsakar rana, lokacin da maza huɗu ke gardamar wanda zai kama gaban gadon ɗaukar mara lafiya. A ranar babu wanda ya tambaya ko mace ce ko namiji. Muryar da kake ƙi ita ce ke raba cunkoso idan an sauke jirgi biyu a tare. Da labarin maganarka ya kai mata, cewa ta yi Wanda ya halicce ta bai yi shawara da ofis ba, ta ci gaba da matse zannuwa.

3. Ka ce ƙofar sashe tana bukatar fuska mai haske saboda manyan baƙi masu zuwa duba mu, kuma Takari, mutanenmu da suka daɗe da zama a nan, suna zubar mana da mutunci. Na dubi hannunka sa'ad da kake faɗar haka, na dubi nawa. Ban ga wanda zai ara wa wani haske ba. Makona na farko a nan, wani mai duba asibitoci ya miƙo mini kofin da ya gama sha, ko fuskata bai kalla ba. Ina tsaye da farar riga, Larabcina na littafi ya maƙale. Khala ce ta karɓi kofin, ta gaya masa da Larabcin Jidda, a hankali, cewa wannan ita ce mai maganin gidan, kuma a hannunta zai karɓi nasa in ya kwanta. Ya ba ni haƙuri. Mutuncin da na samu a gidan nan, Batakariya ce ta karɓo mini shi.

Roƙona biyu ne. A mayar da ita bakin ƙofar sashen mata, da tasarta, kafin jirgi ya iso. A kuma rubuta wa kafilinta, mai tsaya mata a hukuma, a gyara abin da ke iƙamarta, a sa mata sunan aikin da take yi.

Akwai kuma saƙo, ba nawa ba ne. Jiya na same ta a ɗakin wanki, na ce mata zan rubuta wannan. Ba ta ce in roƙa mata komai ba. Cewa ta yi in gaya maka ta lura tun Azumi kana jan ƙafar hagu, kana take bayan takalmin, kuma ba ta son yadda kake yawan neman ruwa. Ta ce ka je a auna maka sukari, kada ka jira bayan Hajji. In kana jin nauyin likita, ta ce tasarta tana nan.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa ka gama da wannan kujera lafiya, ya ba ka ikon ganin abin da ke gabanka.

Wassalam.

Taka mai biyayya,
Mai haɗa magani, sashen mata.