Motoci Uku, Ƙorama Ɗaya

Zuwa ga maigidana, Malam,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa irin wadda ta dace da kai, ina roƙon Allah Ya sa kana cikin rahamarSa, Ya yalwata maka makwanci, Ya haskaka shi. Mu nan ƙauyenmu na bayan Karare muna lafiya gwargwado. An gama maimai, gero ya wuce ƙugu, gyaɗar gonarka ta bayan gari ta rufe ƙasa.

Na san ba a aika wa lahira takarda. Amma kai ka koya mani boko, da yatsanka a kan ƙurar jikin motarka, kana zana harafi ina gogewa da gefen zani ina dariya. To, kai za ka sha karatun yau. Masu leƙen wannan takarda su yi mani haƙuri, ba da su nake ba.

Malam, hankalina a tashe yake. Autarka Binta tana gida. Dangin mijinta sun kawo ta goyon ciki daga Katsina tun ruwa bai zauna ba, kamar yadda aka mai da ni gidanmu a cikina na fari. Na yi murna, na gyara mata ɗaki, na tara itacen wankan jego. Sai makon jiya, ina shafa mata man shanu a ƙafafunta da suka kumbura, ta sunkuyar da kai ta faɗa mani abin da ta daɗe tana ɓoyewa. Wai a asibitin Katsina an duba ta, an ce ɗan a gicciye yake, kada ta kuskura ta haihu a gida. Kunya ta hana ta faɗa wa mijinta, ta hana ta faɗa wa uwar mijinta. Cikin fari ne, wa ke buɗe baki ya yi maganarsa? Na kira Tabawa ungozoma, ta taɓa ta, ta daɗe tana taɓawa, sannan ta ja ni bayan rumbu ta ce, "Wannan ba aikin hannuna ba ne." Ga watan haihuwa ya kama. Tsakaninmu da titin Batsari kuwa ka san abin da ke akwai, fadama da ƙorama.

Abin da zai ba ka dariya, ko ya ba ka haushi, shi ne gidanka yanzu motoci uku gare shi. Uku, Malam! Kuma babu wadda za ta iya zuwa ƙofar gida ta ɗauki ɗiyarka.

Ka tuna Jimrau? Yo ina za ka manta da ita, kai da ka fi wanke ta a kan rigarka ta Juma'a. Shekara da shekaru kana tuƙa wa wasu babbar motar gyaɗa, tun Turawa ba su sauke tutarsu ba, kana cewa wata rana sai ka riƙe sitiyarin da ba mai karɓe maka makulli da yamma. Ana gab da komawa tuƙin hannun dama ka shigo da ita, tsohuwar akori-kura, ƙofa ɗaya sai da igiya take rufuwa. Na leƙo na ce wannan ce motar? Ka ce in bari in ga halinta tukuna.

Na kuwa gani. Ta ɗauki buhunan gero zuwa kasuwar Batsari. Ta ɗauki bajimin Ardo, maƙwabcinmu na ruga, ran da ya karye a ƙafa. Ta kai amare da kayan gararsu, ta kai maniyyata Katsina, ta kai masu naƙuda da waɗanda maciji ya sara. Ba ka taɓa tambayar mutum mene ne kayansa ba kafin ka ce ya hau. Kullum maganarka ita ce, "Motar ƙauye ba ta zaɓen aiki."

Na fi tuna ka a bakin ƙorama da damina. Sai ka kashe ta, ka sauka, ka naɗe wando, ka shiga ruwan da sandar gora kana dungurin ƙasa har ka gane inda yashi ya yi tauri. Ka dawo ka rage wa tayoyin baya iska, ka cusa wa bakin salansa tiyo ka ɗaure shi sama, ka ce maza su koma can baya su danne ta. Sannan ka yi bisimilla, ka sa giya ɗaya, ba ka sauyawa sai ka haye. Ina gaba na runtse ido ina salati, kai kuwa kana tsokanata wai da ni da akuya ba ka san wanda ya fi tsoron ruwa ba. In mun haye ka fito da famfo kana buga wa tayoyin iska kana haki, kana gaya wa fasinja, "Ba a sake shawara a tsakiyar ruwa."

Yaron nan kuwa, ɗan farinmu, wanda mutane ke kira Magaji, a wurinka ya sha son mota. Sai dai ku biyun ba ku taɓa shan inuwa ɗaya a kanta ba. Ina jin ku ta bayan zana kuna gardama a zaure har tuwo ya huce. Shi ya ce kowace mota da aikinta, ba a sassabe da lauje, ba a girbi da gatari. Kai ka ce mai mota ɗaya ya san tarinta da atishawarta, mai uku kuwa baƙo ne a cikin kowacce. Ya ce ran da Jimrau ta kwanta ai duk gidan ya kwanta. Ka ce shi ya sa ba ka barin ta kwanta.

Kuma tsakani da Allah yana da tasa gaskiyar. Ban manta ran da ka sa shi kai amarya Wagini ba, washegarin da ka yi jigilar awaki. An wanke bodin, an shimfiɗa tabarmi, amma warin bunsuru ya ce yana nan. 'Yanmatan amarya suka yi mashi waƙa tun daga nan har can, suna toshe hanci, shi ko yana saurayi mai ji da kansa. Ya dawo bai ci abinci ba. Kai ka yi ta dariya har da hawaye, ni ko na san abin ya zauna mashi a rai.

Bayan ka tafi, kuɗin man fetur ɗin nan da ake ta magana suka iso har nan. Aka shiga gina azuzuwa ko'ina, ya samu aikin kai siminti da kwano, Allah Ya buɗa mashi. Ya sayar da Jimrau ga wani mai jigilar itace a Safana. Ya sayo gingimari ta kaya, ya sayo kiya-kiya mai ɗaukar fasinja tsakanin Batsari da Katsina, ya sayo wa kansa farar salun mai kujeru kamar na ɗakin amarya. Ran da aka tafi da Jimrau ina cikin ɗaki, na ji tarinta har ya ɓace. Ban fito ba.

To ga yadda suke yau. Gingimari ta tafi kudu da shanu, ba a san ran dawowarta ba, kuma ko tana nan, bara ta gwada fadamar nan ta nutse har gindi, sai da garin nan kaf da shanun huɗa suka taru aka ciro ta. Kiya-kiya ba ta sauka daga titi. Salun kuwa cikinta a ƙasa yake, ko kunyar gona ba ta hayewa. Tun da ruwa ya zauna tana Batsari a gidan abokinsa, an lulluɓe ta da tampol, mai ita yana tako fadama da ƙafa, takalmi a hannu. Kowacce da aikinta, gaskiya ne. Namu aikin ne ba a saya wa mota ba.

Za ka ce me ya hana ni yi mashi magana? Haba Malam, kai ma ka sani. Ɗan fari ne, kuma sunan mahaifinka gare shi. Tun da na yaye shi aka kai shi ɗakin kakarsa, ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa zama na dube shi ido da ido ba. In ina da magana, kai nake gaya wa, ka kai mashi. Yanzu wa zai kai? Na aiki ƙaninka Baffa. Shi kuma da ya je, nauyin baki ya kama shi, sai ya ce wai Inna tana ganin a mai da Binta birni in an samu hali. Yaron nan ya ce ba komai, in lokaci ya yi a sa ta a amalanken Ardo zuwa bakin ƙorama, salun na jira a tsallake. Bai san komai ba. Yana tsammanin haihuwa ce irin ta kowa.

Na kai wa Tabawa wannan shawara, ta riƙe haɓa. Ta ce girgizar amalanke a wannan fadama, wuni guda, ita za ta tayar da naƙudar a hanya, inda babu ita babu likita. Ta ce a samu mota mai tsayi, a shimfiɗa katifa a baya, a tafi da ita a hankali tun ƙorama tana hayuwa. In aka yi babban ruwa guda ta cika ta batse, to sai dai addu'a.

Kwanakin nan ko abinci ba ya wuce mani. In na dubi Binta tana tsintar wake tana 'yar waƙarta, sai in kau da kai. Ina jin tsoro, Malam, tsoro irin wanda ban taɓa ji ba ko a tsakiyar ruwa. Ina ta auna abu biyu, kunyar da na riƙe tun ina yarinya da ran ɗiyarka.

Yau da hantsi yana zaure yana wanke ƙafa zai fita. Na ajiye muciya, na taka har bakin zauren, inda ban taɓa tsayawa ba in yana ciki. Na kira shi da sunansa na yanka. Sunan ya fito mani wani iri, kamar ba ni na haife shi ba. Butar ta suɓuce daga hannunsa, ruwa ya malale a ƙasa. Ya ɗago ya dube ni, na dube shi. Ashe idanunka gare shi, Malam, ban taɓa lura da kyau ba sai yau. Na faɗa mashi komai ba kwana-kwana, yadda ɗan ya kwanta, abin da aka ce a asibiti, abin da Tabawa ta ce. Na ce ya je Safana ya nemo motar ubansa.

Bai yi mani gardamar da yake yi maka ba. "To, Inna," kawai ya ce. Ya shiga ɗakinka, ya sauko da tiyon nan da famfo da sandar gora daga inda ka rataye su, ya fita ko hula bai ɗauka ba.

Tun daga lokacin nake zaune da tambayoyi. Ko Jimrau tana da rai har yanzu? Ko mai itacen ya shiga daji da ita? Ko zai yarda ya ba da ita? In ma ya bayar, yaron nan bai taɓa haye ƙoramar nan da damina da hannunsa a kan sitiyari ba, kullum yana baya cikin masu dannawa. Ban sani ba ko ya kalli yadda kake yi, ko yana can yana tunanin salun. Ina ma ka matsa mashi ya koya. Ina ma ni na yi magana tun ran da aka zo tafiya da ita.

Da kana nan da na raba maku gardamar nan yau, don na gaji da ita. Mai son mota ya tara goma in Allah Ya hore mashi, ba ni da ta cewa, amma ya bar guda wadda ta san hanyar gida.

Yanzu la'asar ta yi. Na naɗe katifa na ajiye a zaure, na ɗaure kayan Binta a zani, Ardo ya ce zai turo maza su danna baya. Hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, iska ta fara kaɗa ganyen gero. Ɗazu na ga Binta ta dafa bango ta riƙe ƙugu. Na tambaye ta, ta ce ba komai, Inna, bayana ne kawai. Ni ma haka na ce wa uwata.

Ka san Jimrau takan yi tari biyu in ta zo hawan tudun tsamiyar bakin gari. Duk shekarun nan da shi nake sanin ka dawo in ɗora ruwan wanka. Shi nake saurare yanzu, na hana yara daka, na hana kowa magana mai ƙarfi. Har na kawo nan a rubutun ban ji shi ba.

Ya Allah, Ka riƙe ruwan nan har su haye. Ka ba yaron nan hannun ubansa da natsuwarsa, kada ya sake shawara a tsakiyar ruwa. Ka sauki Binta lafiya, Ka raba su da rai da lafiya, ita da abin da ke cikinta. Kai kuma Malam, Allah Ya jiƙanka, Ya gafarta maka, Ya sa duk wanda ka taɓa ɗauka a bayan motar nan ya zame maka shaida ranar gobe. Ka yafe mani sunan mahaifinka da na kama da bakina. Tun da na riga na faɗa, bari in rubuta shi ma.

Wassalam. Ni ce matarka,

Uwar Binta, uwar Isiyaku.