Hanyar da Goggonki Ta Zaɓa

'Yata,

Bayan gaisuwa, yaya Babanki, yaya karatu? Ni lafiya lau, gwiwa ce kawai take ɗan damuna.

Na ji za a kai ku hawan dutse daga makaranta, kuma hanya biyu ce, gajeriya mai wuyar hawa da doguwa mai zagaye. Kwana uku ina haɗa miki shawara, kin san da girmana na koyi riƙe biro. Kafin in gama Babanki ya ce mini a waya ai kin tambayi Goggonki, ta ce ki bi doguwar, har ta sayo miki takalmi. Goggon da ko kujera ba ta iya takawa. Ni da nake hawa bene bakwai kullum da bokiti a wurin aikina, ba a tuna da ni ba.

Abin haushin, ni ma doguwar na rubuta. Ki bi ta, ki riƙe ruwa, kada ki biye wa ƙawaye. Ki gaishe da Goggon, Allah ya saka mata da alheri. Ki rubuto mini lambar takalminki, yanzu ban san ta ba.

Amma idan kin kai sama, ni za ki fara kira.

Allah ya tsare min ke,
Mamanki