Na Juya wa Ɗiyata Baya a Gadon Asibiti

Assalamu alaikum, Hajiya Amatullah. Ina gajiya, ina aiki, ya iyali? Don Allah ki taimake ni da shawara kafin Litinin, don na riga na ɗaure kayana, sa hannu kawai ya rage in bar asibitin nan.

Ni mutumin Damri ne, ƙasar Bakura, tsohon malamin gona. Yau kwanana goma sha tara a wani asibitin koyarwa, tafiyar yini guda daga gida. Fitsari ne ya riƙe mini. An fara kai ni Talata Mafara, suka sa mini robar fitsari, suka ce aikin ya fi ƙarfinsu. Ƙanena Ɗanlami ke jinyata. Shinkafata na can ta nuna, tsuntsaye na biki, ni ina nan ina kallon fanka.

Ban sani ba ko kin taɓa kwanciya irin wanga asibiti. Kullum da safe babban likita zai shigo da ɗalibai goma sha biyu a bayansa. Su kewaye gadonka, a yaye maka riga, wannan ya latsa, wancan ya latsa, suna Turanci bisa kanka kamar ba ka wurin. Ina jin Turanci, ban dai nuna ba. Wani yaro sau uku ya soke ni kafin ya sami jijiya. Raina ya ɓaci, amma ba zan zalunce su ba. Ya ba ni haƙuri har ya ba ni kunya. Ni ma da nake koyar da feshin maganin ƙwari, ba a allo na koyar ba, gonakin mutane muka shiga. Dole su koya a jikin wani. Na yarda.

Matsalar ita ce, ɗiyata ta fari tana cikinsu. Aji biyar take, kuma saboda ita Ɗanlami ya zaɓi nan. A gidanmu ba a kiran sunan ɗan fari, ba a zama hira da shi, ba a yabonsa gaban mutane. Wurin kakarta ta tashi, a Janbako. Shekara ashirin da huɗu ban taɓa faɗin sunanta ba, nan ma ba zan rubuta ba. In ina da magana, ta bakin uwarta Batulu take bi. Ranar da ta sami gurbin karatun likita, bayan rumbu na zaga na yi hamdala, kada a ga fuskata.

Da aka kwantar da ni tana ɓangaren yara. Makon jiya aka juyo da rukuninsu ɗakin maza. Ranar Laraba babban likitan, wanda ba Bahaushe ba ne, mutumin kirki amma mai zafi, ya nuna ta ya ce ta ɗauki tarihin ciwona ta duba ni, tunda harshenmu ɗaya. Bai san komai ba, sunan kakanta take amfani da shi a makaranta. Ta matso, ta rusuna, ta gaishe ni. Sannan ta tambaye ni yadda fitsarin ke fita kafin a sa roba.

Hajiya, ɗiyata ta fari! Ga roba a jikina, ga jama'a tsaye. Na ja mayafi na juya fuskata bango. Sau uku ta maimaita, ban tanka ba. Nan babban likitan ya rufe ta da faɗa gaban kowa, ya ce ɗalibar da ba ta iya sa ɗan yarenta ya yi magana ba ta shirya ba. Ya ƙi sa mata hannu a littafin da ake cike musu, wanda ba a zama jarrabawa sai da shi. Ba ta ce ubanta ne ba. Ni kuma na ji kowace kalma, ban buɗe baki ba.

Tun ranar, kafin likitoci su fara zagaye takan zo ta miƙa wa Ɗanlami kunun gyaɗa, ta tsaya wajen ƙafafuna ta duba fayil, ta duba jakar fitsarin, ta wuce. Ko fushi ba ta yi ba, shi ya fi cina. Litinin za a yi mini tiyata, an ce ɗalibai na shiga kallo. Ni dai ina ganin in na tafi gida ta huta, ni ma na huta. Ɗanlami ya ce tsufa ne ya fara taɓa ni. In tafi?

Mai gado na bakwai, daga Damri.

Wa alaikumus salam, Baba. Sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi.

Ka kwance kayan nan. In ka tafi da roba a jikinka, bayan wata guda a kwance za a dawo da kai, ita kuma ta rayu da cewa ita ta kore ka daga magani. Wannan ba hutu ba ne.

Kunyarka ba laifi ba ce. Ko a aikin likita ba a so mutum ya duba mahaifinsa, musamman a irin wannan ciwo. Da ta faɗa tun ranar da aka kawo su ɗakin, da an ba ta wani gado ba tare da gardama ba. Nan ta yi kuskure, amma ka duba inda ta koyo shi: shirun da ka yi mata, shi ta yi maka. Naka kuskuren ya fi nauyi, don ka ji ana hukunta ta a kan abin da ba ta yi ba, alhali jimla ɗaya za ta fitar da ita.

Gobe da safe ka roƙi shugabar masu jinya ta haɗa ka da babban likitan kafin ɗalibai su shigo. Turancin da ka ɓoye, lokacinsa ya yi. Ka ce masa ɗalibar ranar Laraba ɗiyarka ce, al'adarku ta hana ka amsa mata, laifin ba nata ba ne. Ba sai ka ambaci suna ba, zai gane. Ka kuma nemi kada ta shiga ɗakin tiyatarka. Haƙƙinka ne, kuma ba zai rage mata komai ba. Sauran ɗaliban ka bar su su koya, yadda manoma suka bar maka gonakinsu.

Sai abu na ƙarshe. Ban ce ka karya al'adar gidanku ba. Amma idan ta kawo kunun, kada ka juya bango. Marasa lafiya duk suna da abin da suke kiran masu farar riga, kuma ba sunan yanka ba ne. Ka ce, sannu likita. Shekara ashirin da huɗu tana jiran ka kira ta da wani abu.

Allah ya sa a yi aiki lafiya, ka koma Damri ka tarar tsuntsaye sun rage maka shinkafa, ita kuma ya ba ta sa'ar jarrabawa.

Hajiya Amatullah