Littafin da Kika Ƙwace a Bayan Rumbu

Ya Munawwara, inuwar tsamiyata a tsakar bazara, sanyin randar zuciyata, ruwan farko a gonar begena! Gaisuwa mai tarin yawa daga Karaye, tare da sake yi miki ta'aziyyar Gwaggo. Allah ya jiƙanta, duk da rasuwar ta same ni ina tsakiyar babi na tara.

Shekara goma sha ɗaya ke nan, ya hasken idona, hantsi bai taɓa duban ludayi ba sai na cika shafi huɗu. Zazzaɓi bai hana ni ba; ranar Sallah ma sai na rubuta nake tafiya idi. Sai ga ƙaunarki ta ja ni Falgore zaman makoki, kwana biyu cur a kan tabarma, ina amsa amin, ina kurɓar kunu, littafina yana kuka a aljihu kamar jinjirin da aka yaye da ƙarfi! Wa ya san abin da ke cina? Kowa ya ɗauka Gwaggo nake wa hawaye, har mahaifinki ya dafa kafaɗata yana ba ni haƙuri.

Kin tuna safiyar uku, da na zame daga wurin addu'a, kika iske ni tsugune a bayan rumbu, biro a hannu? Kai, kyanki a ranar! Idanunki jajur kamar nunannen gauta, muryarki a dishe kamar ta kwaɗon ƙarshen damina. Na so in kwafe siffarki nan take, domin babin yana bukatar mace mai kuka, sai kika fizge littafin, kika rantse ba za a sa ranar aurenmu ba sai na zaɓa: ke ko shi.

Wace irin tambaya ce wannan, ya kurciyata? Ana sa gona ta zaɓa tsakanin ruwan sama da fara?

Ina roƙonki, ranar kasuwar Rogo ki ba Ɗantala direba littafin ya kawo mini, a naɗe cikin leda, kada hawayenki su jiƙa tawadar. A sa ranar, ba zan guje ki ba. Hasali ma na ɗauki alkawarin da ban taɓa ɗaukar wa kowa ba: daga gobe zan riƙa ƙara rabin shafi kullum ina ajiyewa, domin ranar da naki ajalin ya zo, in zauna kwana ukun nan cif, hankalina kwance.

Naki, riƙe da amana har ranar cika wannan alkawari,
Abdulmutalib