Nauyin Tsuntsuwa

Zuwa ga Maman Tsuntsuwa,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya jikin Tsuntsuwa? Allah ya sa sugan ya daidaita, sabuwar allurar kuma ta karɓe ta. Ki gaishe da Yaya da iyalinsa, ki yi masa godiya da ya riƙe ku.

Kin ce ba za ki dawo ba sai na ga matar da ofishinmu na kwana-kwana ya tura ni wurinta. To, na je. Ta ce kada in kira ta likita tunda ba ta rubuta magani, don haka Malama nake ce mata. Ita ta ce in riƙa rubuto miki wasiƙa, domin ta lura a baki ba na wuce lafiya lau. Shekara goma sha huɗu ina rubuta rahoton gobara, idan wasiƙar ta yi kama da rahoto ki yi haƙuri.

Ofishinta kujeru biyu ne da tebur da agogo. Kafin in zauna na gano soket guda a bayan durowa an cusa masa filogi huɗu. Na nuna mata. Ta yi godiya, ba ta cire ko ɗaya ba.

Na faɗa mata abin da ya faru ba ragi. Tun gobarar benen nan ba na iya barin gida sai na kashe komai. Ranar da muka tafi gidan Mama na kwana uku, na ce miki zan koma in duba ƙofa, alhali babban makunni na sauke, har firijin da allurar Tsuntsuwa take ciki. Da muka dawo na riga ki shiga na mayar da wuta, na yi shiru. Kika yi ta yi mata allurar da zafi ya lalata har muka kwana biyu a asibiti. Malama ba ta yi salati ba, ba ta kuma ce ba komai ba. Ta tambaya ko me nake ji a jikina lokacin da hannuna yake kan makunnin. Na ce babu.

Ta zana mini tsani a takarda. Matakin ƙasa shi ne in fita in bar cajar waya a jone. Na sama shi ne in bar gidan yini guda da wuta ba tare da na dawo dubawa ba. Ana hawa ɗaya bayan ɗaya, ba a tsallake. Na ce mata hawan tsani sana'ata ce. Ta ce ai shi ya sa.

Ina kewarku. Ki huta lafiya.

Mijinki,
Baban Tsuntsuwa


Zuwa ga Maman Tsuntsuwa,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya aiki, ya ɗawainiya? Yaya ya ce Tsuntsuwa ta koma makaranta, na ji daɗi.

Ga inda aka kwana. Ina mataki na shida cikin bakwai. Ranar farko na bar cajar na fita, na tsaya a bakin titi ina gumi kamar wanda ya ɗauko buhu. Malama ta koya mini in ja numfashi a hankali, in kuma ambaci abu biyar da idona yake gani. Na ambaci mota, kwata, mai faci, wata bishiya da takalmina. Mai facin ya zaci kiransa nake, har ya taso da famfonsa. Bayan minti ashirin tsoron ya sauka da kansa, kamar yadda ta ce zai yi. Ban so ta yi gaskiya ba.

Firiji yana aiki kwana ashirin da uku ke nan ba a taɓa shi ba. Na sa ma'aunin sanyi a ciki, na ajiye kwalbar ruwa a inda kike ajiye allurar, ina rubuta lambar kullum da safe.

Akwai aiki na biyu da ba na ci gaba a kansa. Tana sa ni in ba da labarin gobarar daga farko zuwa ƙarshe, kamar yanzu take faruwa, wayata tana ɗauka, in saurara a gida. Nakan ba da shi tsaf: lokacin da aka kira mu, yawan motoci, inda wutar ta tashi. Ta ce kullum ina hawa bene na uku, sai kawai a gan ni a ƙasa ina naɗe tiyo, ba ta taɓa jin yadda na sauko ba. Na ce ta matakala, ta ina kuwa? Ta rubuta wani abu, ta ce ba gaggawa.

Tana so ki zo ranar Laraba ƙarfe huɗu mu zauna mu uku. Dokar zaman ita ce ɗaya ya yi magana minti uku, ɗayan ya maimaita abin da ya ji ba tare da ya kare kansa ba. Zan zo da takardar firijin ki gani da idonki.

Mijinki,
Baban Tsuntsuwa


Zuwa ga Maman Tsuntsuwa,

Ina gaisuwa. Da fatan kun wayi gari lafiya. Na gode da kika zo ranar Laraba, ki kuma yafe mini fitar da na yi ban maimaita maganarki ba. Zan maimaita yanzu.

Kin ce ba allurar ce ta fitar da ke ba, kin san ban yi da gangan ba. Kin ce shekara ɗaya da rabi ban ɗauki Tsuntsuwa ba. Da, in na shigo gida takan hau kujera ta yi tsalle in cafe ta, abin da ya sa muka sa mata sunan ke nan. Yanzu in ta hau kujerar sai in wuce duba soket. A asibiti ta miƙo hannu, na gyara mata bargo. Ta tambaye ki ko don ciwonta ne Baba yake ƙyamarta. Kin ce ba za ki mayar da ita gidan da za ta girma da wannan tambayar ba. Ina jin ban rage komai daga maganarki ba. Takardar firijin tana aljihuna, ban fito da ita ba. Ashe na bar jaki ina dukan taiki.

Ranar Juma'a na ba Malama labarin matakalar. Ga shi, ke ma ki sani. A bene na uku na sami yarinya a ƙarƙashin tebur, sa'ar Tsuntsuwa, da rigar makaranta. Na ɗauke ta, hannunta ya zagayo wuyana. Matakala arba'in da biyu ne. A wajen ta ashirin hannun ya saki. Na ci gaba da saukowa ina yi mata magana. A ƙasa suka karɓe ta suka rufe ta, ni kuma na tafi naɗe tiyo. Nauyinta daidai da na Tsuntsuwa. Da na dawo gida ranar, Tsuntsuwa ta yi tsalle na cafe ta, na ji nauyin nan, na ajiye ta. Ban ƙara ba. Tsoro nake ji, ba ƙyama ba.

Malama ta zana sabon tsani. Matakin farko shi ne in zauna kusa da ita, ɗauka kuwa sai na biyar. Jiya da na zo gidan Yaya kina wurin aiki, niyyata mataki na farko kawai. Amma Tsuntsuwa ba ta ga takardar tsanin ba. Ta hau kujerar falo ta tsaya tana kallona, ba ta yi tsalle ba, jira take. Na ja numfashi, na ambaci labule, agogo, kujera, silifas ɗinta, ita. Na buɗe hannu.

Ta ƙara nauyi, Maman Tsuntsuwa. Ta fi waccan nauyi sosai, ga ta da mutsu-mutsu, har ta buge ni a haɓa da kanta. Na riƙe ta sai da ta ce in sauke ta zafi take ji.

Ban ce na warke ba, Malama ma ta ce da sauran tafiya, kuma ranar dawowa ke za ki sa. Ki dai faɗa wa Tsuntsuwa zan zo ranar Asabar, kada Yaya ya matsar da kujerar.

Naki har kullum,
Baban Tsuntsuwa