Hatimina a Aljihun Teburin Malam

Malama Fusako, ki taimake ni, na rasa tudun dafawa.

Ni akanta ce, shekarata ta huɗu da samun lasisi. Malam Kuramochi ne ya raine ni a aikin. Sau biyu ina faɗuwa jarrabawa, shi ya hana ni komawa rumfar kifin babana. A ɗan ofishinmu kowa a aljihun teburin Malam yake ajiye hatiminsa, haka na tarar, ban taɓa tambaya ba. Bara ina jinyar mahaifiyata a asibiti, ya buga hatimina a rahoton binciken wani kamfanin sarrafa kifi, rahoton da ko bangonsa ban gani ba. Kamfanin ya durƙushe, ashe fanko ne. Matan da ke aiki a can maƙwabtanmu ne, yanzu in mun haɗu a kasuwa sai su kau da kai.

Ƙungiyar akantoci ta kira ni gaban kwamitin ladabtarwa. Jiya matar Malam ta zo da kwalin lemo, ta durƙusa har goshinta na taɓa tabarma. Ta ce mijinta ya haura saba'in, in aka soke sunansa daga ƙungiyar ba zai ga baɗi ba, ni kuwa yarinya ce, dakatarwa kawai za a yi mini. Shi Malam ko kallona ba ya yi. Lemon na nan, na kasa sha, na kasa mayarwa. In ce ni na buga?

Mai Hatimi, daga garin Kesennuma

'Yata, na ji nauyin da ke wuyanki. Halaccin da Malam ya yi miki gaskiya ne, kada kowa ya raina shi. Amma ki tuna abin da ya sa aka kafa ƙungiyar nan. Mai zuba jari da macen da ke jiran albashi ba su iya duba asusu ba, da hatimin akanta suka dogara. Ƙungiya ce ke tsaron wannan amana: ita ke ba da lasisi, ita ke karɓewa. Ba maƙiyiyarki ba ce, ba kuma ta Malam ba.

Kada ki yi ƙarya. Kwamitin zai gano kina asibiti a lokacin, sai a yi awon gaba da ku duka biyu. Ki kuma shirya, barin hatimi a hannun wani sakaci ne, wataƙila a dakatar da ke a kansa. Ki amsa naki, kada ki ɗauki nasa.

Ki nemi lauya. Kafin ranar zama ki je wurin Malam da ƙafarki, ki gaya masa abin da za ki faɗa, ki roƙe shi ya riga ki faɗa. Yana iya ƙi, yana iya daina yi miki magana har abada. Wasu a gari za su kira ki butulu, ba zan ɓoye miki ba. Amma da kunyar tsawon rai gara zagin shekara guda, kuma aikin nan na buƙatar irinki.

Ina miki fatan ƙarfin zuciya, 'yata, da sauƙi ga mahaifiyarki.

Fusako