Gawo Bakwai na Gonar Baba

Fagge, Kano
3 ga Maris, 1975

Yaya Halilu,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kai da Inna da yara kuna lafiya.

Yaya, Kano ta canza. Tun da kuɗin mai suka shigo, har ɗan dako sai shayi da burodi. Tanderun Madam Obiageli, wadda nake kai wa itace a Sabon Gari, ba ya hutawa. Gawon nan bakwai na gonar Baba kuwa awaki kawai suke yi wa inuwa. Na turo masu gatari, suna tafe da mota. Ka bar mini wannan, na san abin da nake yi.

Ƙaninka,
Isyaku

11 ga Maris

Yaya,

Bayan gaisuwa, don Allah ka tare masu gatarin nan!

Jiya na je lodin itace wani ƙauye da muka aske wa itatuwa bara waccan. Wallahi ban gane shi ba. Rairayi ya cinye gonaki, zafi har cikin takalmi. Wani dattijo ya nuna mini rumbunsa: ɗan geron da ya samu, duk daga ƙarƙashin gawo ɗaya da muka bari ne, don ganyensa taki ne. Wani malamin gona ma ya ce saran itace da ƙona shi suna cikin abin da ke korar damina. Ashe burodin birni gero yake ci.

Na lallaɓa Madam ta gwada ɓawon gyaɗa da garin katako a tanderu. Ta yi ta mita, amma burodi ya tashi sumul. Zan shawo kan sauran masu tanderu, ka san bakina.

Isyaku

20 ga Maris

Yaya,

Na samu takardarka. Yaya jikin Inna?

Ka ce gawo uku sun faɗi kafin saƙona ya iso, kuma Inna ta wuni ba ta ci tuwo ba. Na yi kuka, ba na ɓoyewa. Kada ka zagi masu gatari, ni na aiko su.

Ka ce za ka sa wa kututturan wuta, kamar yadda ake yi wajen sharar gona. Kul! Gawo yana toho in an ƙyale shi. Ina zuwa Juma'a, zan kewaye su da ƙaya saboda awaki.

Ka gaya wa Inna ba lallai ta ga inuwarsu ba, ni ma haka. Amma 'ya'yanka za su ɗaure dami a ƙarƙashinsu, in Allah ya yarda.

Ƙaninka mai neman gafara,
Isyaku